Bindigogin Baba da Langar Gwaggo

"Lafiya lau, sai godiya. Ya ruwa? Af, Labaran, ashe kana nan ba ka mutu ba?"

"Ruwa ya yi gyara. In mutu ki zo ki cika zani da gumba? Sai na ga bayanki. Wai wa ya buɗe wa tsohuwar nan ƙofa?"

Ni na buɗe mata, ni kuma na aika takanas aka ɗauko ta daga Tudun Jukun. Sunana Bilkisu. Wanda ta kira da sunansa gatsal ɗin nan surukina ne, mahaifin maigidana, mu Baba muke ce masa. Ita kuwa Gwaggo Atika taubashiyarsa ce, uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, shi ya sa take faɗa masa abin da ko liman ba zai iya faɗa ba.

Ga dalilin kiran. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Baba ya iso mana Tudun Wada ba buhun masara, ba akwatin tufafi, sai wata tabarma a naɗe, an ɗaure ta da igiya tamau. Bindigogin toka ne guda bakwai a ciki, irin na maharban da. Ya tura su ƙarƙashin gado, mu kuma muka ja bakinmu muka yi shiru. Da daminar bana ta sauka, rufin ɗakinsa ya kama yoyo. Kafinta ya zo gyara, ya ja gado, ya gani, ya bar aikin rabi ya fice. Kafin la'asar har mai ƙosan bakin titi ta ji labari. Yarana suka dawo daga Islamiyya da kuka, wai ana ce musu jikokin ɗan bindiga, su da 'yan bindiga suka raba kakansu da gida.

Mai gidan da muke haya, Alhaji Kailani, ya zo da kansa ya yi magana ta mutunci: kafin Juma'a a kai su wajen mai unguwa ya miƙa wa hukuma, ko kuma mu nemi wani gidan. Ban ga laifinsa ba. Amma ina za mu da yara huɗu a tsakiyar damina? Maigidana ya durƙusa har ƙasa yana roƙo, Baba ya ce duk wanda ya taɓa tabarmar nan bai yafe masa ba. Tun ranar ba wanda ya ƙara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa a gidan.

Sai na tuna watan Cika-ciki muke. A danginsu, in watan ya kama, 'yar mace kan zo da tsintsiya ta share ɗakin ɗan namiji, kuma duk abin da ta nuna ta ce shi ne ladan shararta ba a hana ta. Ga ta nan kuwa, tsintsiya a hammata, wata langa ƙunshe cikin ɗankwali a hannu. Na jawo kujera bakin ƙofa da farantin shinkafa, wai ina tsincewa.

"Me kika ƙunso mani?" in ji Baba. "Ƙamshi nake ji. Kaza ce?"

"Kaza? Da wane haƙorin?"

"Ga biyu nan a ƙasa, garau."

"Su ma haya suke yi a bakin, kwanan nan za a ba su notis."

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya miƙa hannu.

"Ajiye langar nan in gani."

"Sai na gama aiki. Ɗaga ƙafafun nan naka, sun tare mani hanya."

"Yau baiwa ta tuna da ubangidanta. Bara ina kika shiga?"

"Bara na zo. Ka ba ni ɓarin goro, da na ɓantara na tarar tsutsa ta riga ni."

"Ai nama na haɗa maki da shi, ba ki gode ba."

"Allah ya isa tsakanina da rowarka. Gado ka yi. Uwata ta ce ubanka in ya sayi rake, cikin rumbu yake shiga ya sha."

"Uwarki da ranar da aka kai ta ɗakin miji aka yi sadakar fura don murnar an huta da bakinta?"

"Bakin nan na nan, ni ta bar wa. Matsa."

Ta sunkuya tana shara tana nishi. Ta bi bayan ƙofa, ta zagaya buta da buzun salla da bokitin da muka tara wa yoyo, sannan ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado. Muka ji ƙwal.

"Oho. Labaran, jari-bola ka koma? Ƙarfen me ke nan?"

"Fitar da tsintsiyarki daga nan."

"Bana ɗaki zan share, ba rabin ɗaki ba. Jawo su in ga abin da ya hana Tudun Wada barci."

Na ɗauka zai fashe da faɗa. Ina! Mai tara abu, ko me yake tarawa, ba abin da yake so irin a ce ya nuna. Ya sauko daga gado da ƙyar, ya jawo tabarmar, ya kwance igiyar a hankali, ya shiga jera su a ƙasa. Shida ya jera. Ta bakwai ya bar ta a cikin naɗin tabarmar, ya danne da gwiwa. Baƙaƙe ne, gindinsu na sheƙi, kowace da maratayin fata da laya ɗinke a jiki. Ashe man kaɗen da nake saya masa don ciwon ƙafa nan yake tafiya.

"Buɗe idonki," in ji shi. "Ƙirar maƙera ce, ba ta kamfani ba. Kin taɓa ganin abu mai kyau haka?"

"Na gani. A bayan gidanmu an kafa irinsa, an ɗaure bunsuru. Kai yanzu tsakaninka da Allah, duk abin tarawa a duniya ka rasa sai wannan? Tsofaffin arziki carbi suke tarawa, da huluna, da jikoki."

"Kowa akwai abin da ya ɗauke masa hankali. Shi Alhajin da ke kora ta, me ke saman gidansa? Tattabaru sun fi ɗari. Ba ya ci, ba ya sayarwa, dawa yake watsa masu mutane na kwana da yunwa. Wa ya ce masa mahaukaci?"

"Tattabara in ranta ya ɓaci, iyakarta ta yi kashi a kan mota."

"Nwabueze mai shagon ƙofar gida fa? Matattun rediyo ya cika kanta da su har rufi, ko ɗaya ba ta tari. Kullum da safe sai ya bi su da tsumma."

"An taɓa zuwa da mota aka kwashi mutum da iyalinsa saboda rediyo?"

"Akwai wani ɗan boko a Hanwa, an ce kan sarki yake tarawa. 'Yar takardar da wani ya lasa da miyau ya manna! Ya zauna yana kallonsu da gilashi. Shi ana ce masa mai ilimi, ni ana ce mani tsohon banza."

"Kai ma da abin lasa ka tara, da yanzu ina ɗakina ina shan kunu."

"Atika, waɗannan ba sa tashi. Zanzaro ya yi gini a bakin uku. Wannan kunamarta ta karye tun ina da baƙin gashi. Albarushi kuwa rabona da ganinsa tun a gida. Muciyarki ta fi su haɗari."

"Muciyata kam ta taɓa fasa maka kai, ban musa ba. To ranar da suka zo, kai za ka tsaya ka yi wa mai kaki bayanin zanzaro? Ɗanka Zulkiflu za su tasa gaba, da sunansa aka kama hayar."

Baba ya shafa gindin ɗaya daga ciki. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka.

"Masu sababbi suna can, suna rataye da su kamar sandar kiwo. Suna kwana a ɗakina, suna cin dawar da na noma. Ba wanda ya yanka masu Juma'a. Sai ni mai tsatsa, ni ne abin tsoro a Zariya."

"Yo ai kai ne ake iya samu. Kana da lambar gida."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. Ni dai shinkafa ta gagare ni, tsakuwa nake mayarwa faranti ina zubar da ƙwaya.

"To ki tafi da su ɗakinki," in ji shi. "Wa zai binciki tsohuwa?"

"In ƙarasa kwanana a gidan yari ina cin gabza? Na gode."

"Sai in haƙa rami in binne su."

"A gidan haya mai daɓen siminti? Da farce za ka haƙa?"

"Shi ke nan. Gobe in naɗe tabarmata in hau mota in koma gida. In sun kashe ni kowa ya huta."

"Kai wa zai ɓata harsashi a kanka? Ɗaure ka za su yi a gindin itace, su bugo waya su ce a zo a fanshe ka. Zulkiflu ya sayar da me? Ni kuwa in suka kira ni, ce masu zan yi su riƙe, in ƙara masu da goro."

"Da ba su kwana biyu da ni ba sun naɗa ni sarkinsu."

"Da ba su kwana ɗaya da kai ba sun dawo da kai da kansu, saboda minshari."

Baba ya gyara zama, idonsa ya ɗan yi haske. Na san ya samo inda zai rama.

"Tsaya ma tukuna. Wai ke ce mai yi wa wani gorin tara shirgi? 'Yar nan, kin taɓa shiga ɗakin matar nan?"

Na sunkuyar da kai ina tsintar shinkafata.

"Kabad uku! Kwalla kan kwalla, samira kan samira, fanteka, langa, tangaran, tun daga ƙasa har rufi. Gadon ma a karkace take hawansa don ba wuri. In babbar mota ta wuce a titi, ɗakin kiɗa yake yi shi kaɗai."

"Hassada ce. Jerena in rana ta haska shi, har Sabon Gari sai an kare ido. Ɓarawo ya taɓa shigo mani, ya tsaya kallo baki buɗe har aka zo aka kama shi."

"Hanyar fita ya rasa. Kuma duk da wannan, a me kike cin tuwo?"

"A abin da na ga dama."

"A roba! Robar ma mai tsagu, an ɗinke ta da waya. Ni ko ba komai nawa sun taɓa aiki. Sun ci gada, sun ci gwanki, sun kori kura daga garke. Naki fa? Ko ruwan sanyi ba su taɓa gani ba."

"Sababbi ne, shi ya sa suke da daraja."

"Mata 'ya'yansu suke tara wa, ranar biki a kwashe a kai ɗakin amarya. Ke ba 'ya mace, ba jika. To wa kike tara wa?"

Maganar na fita na ga ya so ya kamo ta, amma ta riga ta fita. Gwaggo ta tsaya cak da tsintsiya a hannu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, bayan ta daɗe tana nema, aka sa masa Nagoda. A Zariya ya tashi, amma son noma ya ja shi ƙauye wajen Baba, har ya koyi harbi a hannunsa. Tun yana saurayi take sayen kwanuka, wai 'yar farin da zai haifa ita za ta yi wa jere. An sa ranar aurensa bayan girbi. Ranar da aka tashi ƙauyen, yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin rafi don mata da yara su samu su tsallaka. Ko hularsa ba a kawo mata ba. Har yau in ta ga langa mai kyau a kasuwa sai ta saya.

Ta jingina tsintsiyar da bango, ta zauna a bakin gadon.

"Ka tambaya, na ji. Ba ni da amsa. To kai fa, wa kake ajiye wa?"

"Ni nawa ba tari ba ne, ajiya ce. Kin san al'adarmu ta maharba. In ɗayanmu ya faɗi, babban abokinsa ke riƙe bindigarsa har magajinsa ya zo, ya harba sama sau ɗaya a gaban mutane, ya wuce da ita. Ba a sayarwa, ba a kyauta da ita. Sun riga ni ɗaya bayan ɗaya, duk suka taru a wajena. Ko ɗaya ba tawa a nan. Tawa can na baro ta, hannuna bai iya ɗaukar takwas ba."

"Na sani. Ta wa ce wannan mai ɗaurin jar waya?"

"Ta Jatau."

"Jatau da ya auna gadu ya samu jakin surukinsa?"

"Jakin ne ya gitta."

"Jakin a ɗaure yake, Labaran."

Gefen bakin Baba ya motsa, bai dai yarda ya yi dariya ba.

"Ɗansa na Legas yana acaɓa," in ji Gwaggo. "An gaya masa bindigar ubansa na nan, ya ce a yi maka godiya, a ce ka jefa ta rijiya. Wannan fa?"

"Ta Mati. Wanda ya yi ta zarya ƙofar gidanku da cinyar barewa, kika ƙi shi."

"Cinyar na karɓa, shi na ƙi. Mutumin da ba ya wanka sai in ruwan sama ya rutsa shi a daji? Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa maza biyu, ina suke?"

Baba ya kawar da kai.

"Rana ɗaya aka binne su, kai ka yi masu salla. Guntuwar nan ta Barau ce, na gane ta. Ɗan Barau kuwa kowa ya san inda yake. Yana cikin dajin, tare da su. In ya yi sallama gobe ya ce ya zo karɓar gadonsa, za ka ba shi?"

"Atika, ya isa."

"Bai isa ba. Ragowar ukun ko inda iyalansu suka faɗa ba ka sani ba. Ba mai zuwa, Labaran. Garin da za a tsaya a harba sama a gaban mutane ma babu shi, ciyawa ta cinye masallacin. Ni na san ba mai cin tuwo a kwanukana, kai ma ka san ba mai yi maka sallama. Abu ɗaya ya raba mu. Nawa ba za su sa a watsa wa yara huɗu kaya a cikin ruwa ba."

Hawayena suka fara ɗiga cikin shinkafar. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushinsa bai sake ni ba.

"In na bayar," in ji Baba, "me zan ce masu in mun haɗu? Ɗaki ya gagare ni, gona ta gagare ni, kabarinsu ma ban iya zuwa. Abu ɗaya tak suka bar mani in riƙe."

"Ka ce masu baiwarka ce ta yashe ka ranar shara. Sun san halina, Mati zai ba da shaida. Ɗaga gwiwarka."

"Ba komai a nan."

"Tun da ka sauko kake danne da tabarmar nan kamar kaza a kan ƙwai. Ɗaga."

Bai ɗaga ba, ita ta ture gwiwar ta buɗe naɗin. Ta bakwai ta fi sauran sabunta. Layar jikinta kuma ba da fata aka rufe ta ba, da wani ƙyallen atamfa ne kore, duk ya koɗe. Gwaggo ta sa yatsa ɗaya ta taɓa shi.

"Ɗinkina ne. Bakin zanina na yaga. Nagoda ya ce, Inna, maharba za su yi mani dariya, laya da atamfa. Na ce su yi."

"Ba don mugunta na ɓoye maki ba."

"Na san tana nan tun ranar da ka sauka a mota. Ka ɗauka lalaci ne ya sa tsintsiyata ba ta taɓa kaiwa ƙarƙashin gado?" Ta goge fuska da bakin mayafi. "To ga magaji ya zo yau. Ni ce."

"Mace ba ta karɓar bindiga."

"Nuna mani namijin da ya rage."

Baba ya dubi bindigar, ya dube ta.

"Sai kin harba sama," ya ce. "Haka al'ada take."

Ban taɓa zaton za ta yi ba. Gwaggo ta miƙe, ta ɗaga bindigar da hannu biyu tana tangaɗi don nauyi, ta nufi rufi da bakinta, ta rintse ido, ta ce da ƙarfi, "Tau!"

"An harba," in ji ta. "A gaban mutane. Ga Bilkisu."

"Mutum ɗaya ce."

"Abin da ya rage mana ke nan. Wannan na karɓa da gado. Shidan nan kuma su ne ladan sharata, na nuna. In ka hana ni, kai ne na farko da ya taɓa hanawa a zuriyar kakanmu, kuma sai na bi dangi gida-gida na faɗa."

"Wane dangin?"

"To, kabari-kabari."

Baba ya sa hannu biyu ya riƙe kai.

"Sare su za a yi, Atika. A narka."

"A narka, ƙarfe ne. Amma layun nan da sunan Allah a ciki, ba za a kai su inda za a tattake ba. In wani ya ɓullo wata rana, ko jikan jika ne, ga abin da kakansa ya rataya a kafaɗa. 'Yar nan, kawo mana reza."

Na kawo da gudu, ina tsoron kada ya sake shawara. Shi da kansa ya yanke su. In ya zo kan kowace sai ya kira sunan mai ita, ya ce Allah ya jiƙan ka, Gwaggo ta ce amin. Da ya gama ya tsaya da layu cike da tafin hannu, yana dube-dube. Ya taɓa aljihu, ya taɓa hula. Sai ta kwance ɗankwalin nan, ta tura masa langar da ƙafa.

"Buɗe kazarka."

Ya buɗe. Ba komai a ciki. Langa ce sabuwa fil, fara mai jan fure, takardar kamfani na manne a gindinta.

"Ita na fara saya, shekarar da Nagoda ya fara zuwa zance," in ji ta. "Ba a taɓa zuba komai a cikinta ba."

"Amma wallahi na ji ƙamshi."

"Kwaɗayinka ka ji."

Ya zuba guda shida a ciki, ya riƙe koriyar a hannu. Gwaggo ta leƙa tsakar gida ta ƙwala kira.

"Zulkiflu! Shigo ka kwashe shara!"

Ashe tun ɗazu yana zaure da mai keke Napep da wakilin mai unguwa suna jira. Ya shigo ya durƙusa a gaban tabarmar, amma ya ƙi miƙa hannu. Idonsa na kan mahaifinsa.

"Ɗauka," in ji Baba. "Ba nawa ba ne yanzu, na tsohuwar nan ne. Na yafe."

Maigidana ya naɗe tabarmar ya saɓa a kafaɗa ya fita. Baba bai bi shi da kallo ba. Muka ji keken ya tashi, muka ji ƙararsa har ta ɓace. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na kuma ji kunyar daɗin da na ji, don tsohon ya ƙanƙance a zaune, ƙarƙashin gadonsa wayam.

Can ya miƙa wa Gwaggo koriyar layar da hannu biyu.

"Ungo. Na bara da tsutsa, na bana babu."

Ta karɓa, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta sunkuya ta sa ta cikin langar tare da sauran, ta mayar da murfi, ta ɗora masa a cinya.

"Bar shi cikin abokan tafiyarsa. Ɗakina ba kowa sai kwanuka. Ajiya na ba ka, ka ji? Kuma duk Juma'a zan zo in duba, don na san halinka, kana iya sayar da langar ka sayi tsire."

"Duk Juma'a?"

"In Allah ya kai mu, har sai ɗayanmu ya ci gumbar ɗaya."

Baba ya rungume langar, ya dube ta, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemunsa.

"Wayyo ni Labaran. 'Yar nan, kira Alhaji ki ce na fasa, gara ya kore mu."